Daminar da Inna ta Ajiye Ludayi

Ruwan shuka na bana ya same ni kwance a gadon likita, ƙafata ta hagu a ɗage bisa matashi, an naɗe ta da farin ƙyalle tun daga idon sawu har gwiwa. Iska ta fara buga tagogi, sai ƙamshin ƙasa ya shigo ya danne warin magani. Matan ɗakin kowa ta kama zancen gonarsu, wata har tana neman saukowa daga gado da allurar ƙarin ruwa a hannu. Ni ban yi tunanin gona ba. Inna mahaifiyata ce ta faɗo mini a rai, ita da tata ƙafar, da wata damina da aka yi tun ban yi aure ba.

Bari in fara da abin da ya kai ni gadon. Gyambo ne a ƙwauri, sama kaɗan da idon sawu. Ya fara da ƙaiƙayi da ɗan ƙurji, lokacin da nake yini tsaye cikin laka a garkar albasarmu ta Badaguishiri. Ya buɗe, ya ƙi rufewa, har ya shiga shekara ta uku. Zafinsa na iya da shi. Abin da ya fi ƙarfina shi ne, tun da ya fara ruwa da wari, ba wanda ya ƙara shan furar da na dama. Ba wai an hana ni damawa ba, mutanenmu ba su da wannan rashin kunya. Sai dai in miƙa ƙwarya a karɓa hannu biyu, a ce sannu da aiki, a rufe da faifai, a ce sai an jima. An jiman ba ta zuwa, awaki ke shanyewa da marece. Maigida ma cewa ya yi fura ta fara kumbura masa ciki, amma abin mamaki ta Zalika matar ɗana ba ta kumbura shi. Ni Rakiya, da aka sani da fura daga unguwarmu har tasha, na koma zaman kallon yarinya tana dama wani abu tsululu ana ce masa fura.

Na gane wannan ladabi tun ranar farko, don na taɓa ganin an yi wa Inna irinsa.

A lokacin muna ƙauyenmu, gabas da Illela. Daminar da ta gabata ta yi gardama, hatsi ya bushe da cikinsa, abin da muka girba bai kai mu ko tsakiyar rani ba. Baba ya tafi cin rani kudu, da alkawarin zai dawo da ruwan fari. Gida ya rage daga Inna sai ni sai ƙannena biyu, waɗanda ba su iya komai ba sai kukan yunwa. Inna kuwa tana fama da gyambo. Kututturen kara ne ya yanke ta a gona shekarun baya, ɗan yanka da ba ta ko ɗaure ba, shi ne ya zauna ya yi faɗi.

Bazarar shekarar ba na jin na ƙara ganin irinta. Tun hantsi ƙasa take ƙona tafin ƙafa, kaji su kwanta gindin randa baki buɗe. Da asuba nake zuwa rijiya, in tarar da layi, guga ya sauka ya taho da rabin ruwa rabin yashi. In na dawo sai Inna ta ɗibi nata na wankin ciwo tun kafin a sha. Ta ɗumama shi da ɗan gishiri, ta zagaya bayan rumbu, ta wanke tana cije leɓe, ta barbaɗa garin bagaruwa, ta naɗe da tsumma. Tsummokaran can bayan rumbun take shanya su, inda baƙo ba ya leƙawa. Duk da haka ƙudaje suna tona mata asiri, duk inda ta zauna sai sun same ta.

Daga nan sai in ɗauki ƙwarya in bi mata zuwa tudu tsinkar anza. Wanda bai ci anza ba ya gode Allah. Ƴaƴan itace ne masu ɗacin bala'i, sai an ɓare, an tafasa, an jiƙa, ana zubar da ruwan ana sakewa har ɗacin ya ragu, a shekarar da ruwan ma nema ake. Sau ɗaya muke ci a yini, in rana ta karkata. Ranar da aka samu garin rogo daga Najeriya, ranar sallah ce a gidanmu. Inna takan ce ta riga ta ci, mu kuwa mukan yarda, don yarda ta fi sauƙi.

Ruwan ya zo da la'asar wata rana, bayan hadari ya yi ta yi mana wasa da hankali. Ƙannena suka fita tsirara suna tsalle. Da safe duk garin ya watse gona, amma Baba bai zo ba, ba kuma saƙo. Inna ta ƙara tsumma a ƙafa, ta saɓa sungumi. Tana gaba tana sara tana ɗingishi, ina baya ina zuba iri ina rufewa da diddige. In muka kai ƙarshen layi sai ta tsaya ta jingina da ƙotar sungumin, in ga tsumman ya jiƙe, ban san ko raɓa ba ce ko ciwon. Haka muka shuke gonar mu biyu.

Shuka ta tsira kyau, amma haki ya tsira tare da ita, ya ma fi ta sauri. Shuka mace biyu suna iya ta, noma kuwa ba su iya noman gona irin tamu. Ko wace safiya sai mu ga hatsin yana ƙara yin rawaya a cikin ciyawa. Kowa ya san lissafin, in ba a nome gonar nan da wuri ba, baɗi ma anza za mu ci, in mun kai baɗin.

Wasu maƙwabta uku suka ce za su taya mu rabin yini. Inna ta yi murna. Ta tura gadonta gefe, ta tona ƙasa, sai ga tulu an liƙe bakinsa da laka, cike da ragowar iri. Ashe duk kukan yunwar da yara ke yi, a bisa hatsi suke yin shi. Ta ɗibi kaɗan, ta surfa, ta daka, ta dafa, ta kirɓa, ta dama da nonon da ta samo wajen wata ƙawarta Bafulatana. Inna ta iya fura, ba don uwata ba ce nake faɗi. Kafin ciwon, in ana suna ko biki, ita ake zuwa ɗauka. Na kai musu gona ƙamshin citta yana bina. Suka karɓa, suka sa albarka, suka ajiye a inuwa. Da na koma ɗaukar ƙwarya na same ta yadda na kai ta. Babbansu ya ce in gaya wa Inna sun gode, a ƙoshe suke.

A ƙoshe, a shekarar da babu mai ƙoshi a faɗin ƙasar. Ba su kuma iya kai azahar ba, yunwa ta kore su, ko kusurwa ɗaya ba su gama ba.

Da marece Kawu Mani, ƙanen Inna, ya shigo. Shi kaɗai ke iya faɗa mata magana kai tsaye.

"Yaya, gayya za a kira, in ba haka ba gonag ga ta tahi. Na yi magana da samari, suna son zuwa. Hurarki ta ba su iya sha."

Inna ta ce, "Da hannu nika damawa ko da ƙahwa?"

"Na sani, Yaya. Amma kin san mutane."

Gayya kuwa ba ta yiwuwa ba fura, ita ce ladan aikin, ita ce kuma ƙarfin da za a yi shi. A garinmu furar gayya daga gidan mai gona take fitowa. In aka ga ta fito daga wani gida, an nuna ke nan gidan ba mace, abin kunya ga Baba ko yana ina. Ban da haka ma, ba shekarar da za ka ba wani ajiyar hatsinka ba ce. Inna ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ce wa Kawu, "Kira su. Ka ce musu Rakiya ka yi."

Ban taɓa dama furar da ta wuce ta cikin gida ba, ita ma Inna ke ƙarasawa. Na ce ban iya ba. Ta ce ba tambayata ta yi ba.

Ranar gayya, tun da sassafe ta sa na mirgina turmi har ƙofar gida, bakin hanyar da masu zuwa gona za su bi. Na fito da ƙore da faifai da ludayi, na haɗa murhu a waje, don kowa ya gani da idonsa hannun wa ya taɓa. Ita kuma ta zauna daga ciki, jikin zanan da ya raba mu, inda ba a ganin ta. Ta wata ƴar kafa take leƙe tana magana ƙasa-ƙasa.

"Surhen bai yi ba, ƙara."

"Wanke shi sau biyu, kak ki zubda ƙasarin, yara na sha."

"Ke! Wa yac ce ki zuba ruwa haka? A hankali."

Samari suna wucewa da hauya a kafaɗa suna cewa sannu Rakiya, mata masu zuwa rijiya suna tsayawa suna cewa ashe yarinya ta girma. Ni kuwa gumi har cikin ido, hannuna ya yi kanta, hayaƙin ɗanyen itace yana shaƙe ni. Da na shiga ɗauko nono sai na ga yadda Inna take zaune. Ta sa hannuwanta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta danne, don kada su miƙa da kansu.

Furar da na yi ranar, Allah ya yafe mini. Gudaji cikinta kamar tsakuwa, dawon bai kirɓu ba, nonon ya tsaya gefe guda. Amma da na kai gona, mutum wajen ashirin suka taso mata, ludayi yana yawo hannu zuwa hannu, wasu suna taunawa suna dariya. Suka koma suka jera, ƙura ta tashi, ciyawa tana kwantawa bayansu. Kafin la'asar gonar ta fito fes, hatsin ya tsaya shi kaɗai yana kaɗawa. Ranar na san daɗin da ke sa mutum ya rasa abin faɗi.

Na dawo gida da gudu ina ba Inna labari. Ta karɓi ƙwaryar, ta lakaci abin da ya maƙale a gefe, ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.

"Wanga abu sunka sha?"

Na ce har sun nemi ƙari. Ta yi dariya har da hawaye, hawayen kuma ya daɗe bayan dariyar ta ƙare. Sannan ta ce, "Gobe ki zamna in koya miki." Ta koya mini kuwa, ciki da bai, amma da baki. Daga ranar ban ƙara ganin ludayin damu a hannunta ba.

Sauran daminar ta zo da ruwa kamar ana biyan bashin bara. Katangar bayan gida ta faɗi, ɗakinmu yana yoyo, sauro ya yi yawa, ciwon Inna ya ƙara buɗewa saboda danshi. Muna cin tafasa da yaɗiya, hatsi yana tsawo yana fin kaina. Ranar da muka gasa tumun fari, ƙanena ya ci har ya yi barci da zangarniya a hannu. Baba ya iso ana gab da girbi, ya rame ya yi baƙi, ashe zazzaɓi ne ya kwantar da shi a can. Ya tsaya bakin gona ya daɗe yana kallon hatsin. Rumbu ya cika a shekarar. Ƙafar Inna dai ba ta rufe ba. An gwada garin kafso, an gwada toka da man shanu, an kai ta Illela an wanke. In sanyi ya zo ya tsuke, damina ta zo ya buɗe. Da shi ta aurar da ni, da shi aka kai ta makwancinta.

Shi ya sa da nawa ya zo na ce gado ne, na fid da rai. Autana Ibro ne bai yarda ba. Yana tuƙa motar albasa, ya ji labari a hanya cewa akwai wani gidan likita wajen Konni da ake gwada sabon aiki a kan irin wannan ciwo. Na ce ba ni zuwa, yanke ƙafa za su yi. Ya ce, "Iya, in sunka ɗauko wuƙa ni da kaina nika ɗauke ki mu gudu." Ya yi ta naci har na gaji na shiga mota.

Lokotoron, wato likitar, mace ce, siririya, ba ta fi Zalika ba. Ta kwance tsummana ba ta ko kau da kai ba, wannan ya fara sa ta shiga raina. An daɗe ana wanke ciwon ana ba ni magani har ya yi ja, warin ya tafi. Sannan ta zo ta zauna bakin gadona.

"Mama, gam za mu sa miki."

Na ce, "Gam? Takalmin roba nike?"

Ta yi dariya. "Ba irin na kanti ba na. Daga jininki za mu hidda shi. Kin ga in kin yanke, jini na daskarewa shi toshe wurin? Abin da ka sa shi daskarewa, shi za mu tace. Sai mu ɗebo hwata ƴar siririya ga cinyarki, mu shimhiɗa bisa ciwon, gam ɗin shi riƙe ta ba ɗumki. In ta kama, jiki na shanye gam ɗin da kainai."

"In ba ta kama ba hwa?"

"Sai mu sake. Ba ni yi miki ƙarya, ba ga kowa taka kamawa ba. Rabin aikin naki na: ƙahwa sama, ban da yawo, ki ci ƙwai da wake."

Na ga jinina da idona a ƴar kwalba, aka sa shi a wani inji yana juyawa, ya fito ya rabu, sama ruwan ɗorawa, ƙasa ja. Na saman aka haɗa da wani magani ya yi yauƙi kamar ƙaro. Aka yi aikin, aka naɗe, aka ce kada in kuskura in taɓa. Kwanciyar ta fi mini aikin wuya. Mace mai lafiyar hannu, ana ruwa a waje, tana kwance tana ƙirga kwanon rufi. Ƙaiƙayi ya dame ni, ina jin kamar in sa kara in sosa. Sai na tuna yadda Inna ta zauna ranar gayya, ni ma na danne hannuwana.

Ranar kwancewa na rufe ido. Na ji lokotoro ta ce, "Mama, duba mana." Na duba. Inda rami yake da, ga fata ta kwanta, ja-ja, mai sheƙi, sai gefe guda wajen faɗin babban yatsa da bai kama ba. Nan aka sake sa gam ɗin, na ƙara kwanciya ina mita. Da aka sallame ni an gama maimai, noma na biyu, hatsi ya fara fidda kai. Aka ba ni wata doguwar safa mai matsewa, aka ce kullum in sa, in rage tsayuwa cikin laka, in riƙa dawowa ana dubawa. Na yi kuka a mota, Ibro ya ɗauka murna ce kawai. Murna ce, amma har da tunanin ɗan abin da Inna ta rasa, wanda ashe yana cikin jininta.

Na dawo gida an yi ta zuwa barka, amma ban taɓa ludayi ba. Tsoro nake ji. Ƙafa ta rufe, to zukatan mutane fa? In na dama aka ce sai an jima, ban san inda zan sa kaina ba, don wannan karon ba ciwon da zan ɗora wa laifi.

Sai makon jiya, da dangi suka taru yankan hatsi a gonarmu. Yanzu gayya ta ja baya, ƴan ƙwadago ake ɗauka, amma girbi har yau ƴan uwa kan haɗu. Na bar Zalika ta yi daka, da ta ɗauko ƙwaryar damu na ce ta miƙo.

"Iya, da kin huta."

"Na huta shekara ukku. Miƙo."

Na dama, na hau amalanken jaki na kai da kaina. Suna ganina suka taho inuwar gawo. Na buɗe faifai. Ina ganin idanu suna sauka wajen ƙafata suna tashi. Maigida ya kama gyaran rawani. Cikinsu akwai Haruna, ƙanen maigida, abokin wasana tun ina amarya. Da can bai taɓa cin abin hannuna bai kushe ba, amma tun da ciwon ya zo ya koma yi mini gaisuwar surukai. Shi ya matso ya tsuguna.

"Wa yad dama?"

"Ni."

Ya ɗauki ludayi ya cika, ya kurɓa. Ya ƙara. Ya ƙara na uku, ya share gashin baki da bayan hannu, ya girgiza kai.

"Rakiya, likita sun gyara ƙahwa sun ɓata hannu. Wagga citta haka, kashe mu za ki yi?"

Na ce in bai so shi aje.

Bai ajiye ba. Sai da Maigida ya ce masa, "Kai, miƙo nan, ba kai ɗai ka jin ƙishirwa ba."